Ba kowane jini ne basir ba, komai TikTok ya faɗa

Duk mai waya a Illela ya san tallar maganin basir. Ranar Lahadi tana tashi a lasifikar kasuwa, sauran ranaku ta bi mutum har TikTok da WhatsApp. Jini a bayan gida, basir. Rama, basir. Alhali da irin waɗannan alamomi ciwon dajin babban hanji ke sallama.

Ciwon ba dare ɗaya yake zuwa ba. Ƙwayoyin bangon hanji suna sabuntawa duk 'yan kwanaki, kowace sabuwa sai an kwafa mata DNA, kwafi kuwa ba ya rasa kuskure. A 1990 Fearon da Vogelstein suka nuna yadda kurakuran ke taruwa. APC shi ne birki. In ya tsinke sai tsiro ya fito. KRAS totur ne, yakan maƙale a take. TP53 kamar antibairos yake, yana kashe ƙwayar da ta lalace; ranar da shi ma ya tafi, ƙofa ta buɗe. Daga tsiro zuwa daji sau da yawa sai an yi shekara 10. Wannan tazarar ce mai talla ke cinyewa, kwalba bayan kwalba.

Masu tambayar manhajar AI su ma su yi hattara. Binciken da likitocin Ile-Ife suka yi da asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka, wanda ya fito a 2021, ya gano kusan kashi 28 cikin 100 na majinyatan Najeriya tsarin gyara kuskuren DNA ne ya lalace musu, wajen ninki biyu na majinyatan Amurka, lalacewar APC kuma ba ta kai tasu yawa ba. Manhajar da akasarin karatunta na Turawa ne ba lallai ta san cikin Bahaushe ba. Balle ma ba ta da idon leƙa hanji.

Kyamarar asibiti ce ke da shi, kuma da ita ake cire tsiro tun bai rikiɗe ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato bai kai kilomita 100 daga Illela ba. Laifin kamfanonin sada zumunta kuwa a fili yake: bidiyon Hausa mai alkawarin warkarwa cikin kwana uku yana yawo ba mai tankawa.

Ƙuruciya ma ba garkuwa ba ce. Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther wannan ciwon ne ya yi ajalinsa a 2020, yana da shekara 43.