TSOKACI: Faɗuwar farko dariya, ta goma hamma

Masu karatu, duk wanda ya taɓa kallon Takeshi's Castle ya san irin dariyar da ke cikinsa. Tashar TBS ta Japan ce ta nuna shi daga 1986 zuwa 1990, daga baya Javed Jaffrey ya yi masa sharhi da Indiyanci a tashar Pogo. Ɗauki wasan tsallake tafki a kan duwatsu: wasu na gaske ne, wasu kuwa da ka taka sai tsundum!

To amma fa akwai gyara. Na farko ya faɗa, ka tuntsire da dariya. Na biyu, ka murmusa. Kafin na goma ka fara laluben rimot.

Shawarata uku ce. A riƙa sauya wa duwatsun bogi wuri bayan kowane mutum, ɗan kallo ma ya ruɗe. A ba mu labarin ɗan takara kafin ya shiga, mu san wanda muke tausaya wa. Sannan edita ya datse faɗuwar da ta yi kama da ta baya, ya ajiye mafi ban dariya a ƙarshe.

'Yan barkwancinmu, har da ku nake: in za a maimaita, kowane zagaye ya zo da sabon abu.