Tsamiyar Garkiɗa da aikin da ke jiran Abuja

Matafiyin da ya bar Jimeta da sassafe, ya ratsa Girei da Song, ya karkata daga Gombi zuwa hanyar Biu, zai isa Garkiɗa a bakin Kogin Hawul. A can ne wata tsohuwar tsamiya take tsaye, inda a ranar 17 ga Maris, 1923, Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko tare da mutanen Bura. Daga wannan inuwa aka samu Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta cika shekara ɗari a 2023.

Wurin yana da kyau, amma kyan nasa na sa jiki ya yi sanyi. A garin aka binne Ruth, matar Kulp, wadda ta rasu a 1924 tare da jaririnta, shekara guda kacal bayan sujadar farko. A kusa akwai Virgwi, inda aka kafa mazaunin jinyar kutare a 1929, zamanin da dangi ke gudun mai wannan cuta. Sai kuma tabon kwanan nan: a Fabrairun 2020 mayaƙan Boko Haram suka shiga Garkiɗa, suka ƙona majami'u, har da ta EYN. Cocin nan ta sha wuya ƙwarai a rikicin Arewa maso Gabas. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban wannan shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi.

Hukumar kula da ziyarar ibada ta Kiristoci, NCPC, tana jigilar masu ziyara zuwa Isra'ila da Jodan, da kuɗin waje mai tsada. Babu laifi a haka. Mai bi yana da haƙƙin ganin Urushalima. Sai dai kujerun ba su isar kowa, kuma manomin Hong ko malamar firamare ta Michika da wuya su taɓa samu. Garkiɗa kuwa kuɗin mota kawai take bukata. Ya dace hukumar ta haɗa kai da EYN da gwamnatin Adamawa ta tsara ziyarar cikin gida kowace Maris, Hukumar Gidajen Tarihi kuma ta tattara hotuna da takardun mishan da bakin dattawan da suka rage, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Wasu za su ce tsaro bai ba da dama ba. Maganarsu tana da nauyi, ba a kuma tura jama'a cikin haɗari don a nuna bajinta. Amma mutanen Garkiɗa suna kwana suna tashi a can, suna cin kasuwa, suna binne matattunsu. Idan hanyar Gombi zuwa Biu ba ta da amincin da baƙo zai bi ta, to mazauna ma ba su da shi, gyaran hakan kuma yana wuyan Ma'aikatar Ayyuka da ta Tsaro.

Wasu kuma za su ce harkar Kirista ce kawai. Asibitin Garkiɗa bai tambayi addinin majinyaci ba, kamar yadda Cocin St. Theresa ta Jimeta ba ta tambaya ba lokacin da ta buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira a 2014. Bishop Stephen Mamza ma har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu a Sangere-Marghi. Hadiman ministoci da daraktocin da ke rubuta daftarin kasafin baɗi su ne ke da ikon sanya sunan Garkiɗa a ciki.