Maganin Shafawa Ba Iri Ɗaya Ba Ne

A farmasin Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sau da yawa mai saye yakan ce a ba shi "maganin ƙaiƙayi", ya nuna kwalin da ya fi araha. Wannan kuskure ne, domin magani ɗaya yakan zo iri uku ko huɗu, kowane da fatar da ta dace da shi.

Pomad kusan dukansa mai ne, kamar basilin. Yana rufe fata ya tsare danshi, shi ya sa ya dace da busasshen kirci da kaushi da fason hunturu. Amma in aka lafta shi a hammata ko matsematsi cikin zafin bazara, gumi ya rasa mafita, ciwo sai ya ƙaru. Can kirim ya kamata, tun da ruwa ne da mai aka gauraya, fata tana shanye shi da sauri. Na ruwa-ruwa kuwa don wurin gashi ne, ko in za a shafe jiki duka, kamar yadda ake yi wa ƙazuwa: daga wuya har tafin ƙafa, mutanen gida gaba ɗaya a rana guda, a wanke tufafi da shimfiɗa.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya dubi lambar da ke jikin kwali. Pomad tetirasikilin mai 1% na ido ne, mai 3% na fata ne. Suna ɗaya, amma na fata ba ya shiga ido.

Babban haɗari yana kan teburan kasuwa, inda ake sayar da kirim mai betametazon ba tare da takardar likita ba. In an shafa shi a makero, ƙaiƙayi ya kwanta kwana kaɗan, cutar kuwa tana yaɗuwa. In aka daɗe ana shafawa, kamar yadda masu neman hasken fata ke yi, fata ta yi sirara, ta tsage. Makeron kan yaro ma shafawa kaɗai ba ta kashe shi, sai an sha ƙwayoyi makonni da yawa.

Saboda haka wajibi ne ma'aikacin farmasi, kafin ya miƙa kwali, ya tambayi inda ciwon yake, ko busasshe ne ko yana tsattsafo da ruwa, kuma babba ne ko jinjiri. In amsar ba ta gamsar da shi ba, ya tura mutum wurin likita.