Ba Kullum Laifin Batir Ba Ne

A gindin wata darbejiya a Ɗankaza na tarar da wani dattijo yana bubbuga rediyonsa, yana tsine wa mai sayar da batir. Muryar mai labarai a gajeren zango ta dushe, ta dawo, ta sake nutsewa. Na ce, "Baba, a yi wa mai batir afuwa, wataƙila rana ce." Ya dube ni kamar wanda zafi ya taɓa wa kai.

Ban ga laifinsa ba. Amma gajeren zango ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya daki wani rufin iska mai ɗauke da lantarki can sama sannan ya faɗo mana. Rana ce ke gina rufin, ita ce kuma ke hargitsa shi idan ta yi tsiya.

Rana ba haske da zafi kaɗai take aikowa ba. Dare da rana tana fesar da ƙwayoyi masu lantarki, a gudun kilomita 400 zuwa 800 cikin daƙiƙa guda. Masana na kiran wannan iskar rana. Ba'amurke Eugene Parker ya yi hasashenta a 1958, aka yi masa kallon mai surutu, sai da kumbuna suka tashi suka tabbatar. Abin da ya rage shi ne, daga ina take ɓulɓulowa?

A ranar 30 ga Maris 2022, kumbon Solar Orbiter na Turai ya ɗauko hotunan wani duhun fili kusa da ƙuryar kudu ta rana. Masana a cibiyar Max Planck ta Jamus suka ga ƙananan tartsatsin gas birjik, kowane yana tashi da gudun kusan kilomita 100 a daƙiƙa, ya mutu cikin daƙiƙa 20 zuwa 100. Igiyoyin maganaɗisu ne ke tsinkewa su sake haɗewa, su cillo gas ɗin. Ana ganin taruwarsu na cikin abin da ke ciyar da iskar. Duk wanda ya taɓa zama gaban maƙeri yana kallon zugazugi zai gane.

Wani zai ce ina ruwan mai noman gero da wannan? A watan Maris 1989 guguwar rana ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu har awa tara. A Mayun 2024 wata guguwar ta rikita na'urar GPS ta taraktocin manoman Amurka ana tsakar shuka. Mu da tasharmu ta lantarki ke faɗuwa ba tare da taimakon rana ba, ya kamata mu fi kowa sa ido.

Ranar 29 ga Maris 2006, mutanen Gusau da Katsina sun ga husufin rana cikakke. Farin rawanin da ya kewaye baƙar ranar, wanda zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, shi ne mahaifar iskar rana. An yi salla, an yi mamaki, aka watse.

Ranar 2 ga Agusta 2027 wani husufin zai lulluɓe Makka da Jidda, mu nan za mu ga ɓangare. Ina roƙon malaman Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke nan Wudil su tanadi tabarau na kallon rana tun yanzu, su shigo makarantun Ɗankaza su nuna wa yaranmu.