MARUBUTA LABARIN FIM: An gama bita, an raba satifiket, sai kuma me?

Babu maganar da ake yawan maimaitawa a majalisun 'yan fim kamar maganar rashin labari. Furodusa ya ce babu marubuta. Darakta ya ce abin da ake kawo masa ba ya ɗaukuwa. 'Yan kallo kuma su ce tun daga fitowar farko su ke gane inda fim zai ƙare: an raba saurayi da budurwa, an yi waƙa, an je asibiti, likita ya fito ya girgiza kai. Duk lokacin da aka yi wannan kuka kuwa, magani ɗaya ake kawowa, wato a shirya bita.

To, ana kuwa shiryawa. A kama ɗakin taro a Kano ko Kaduna ko Jos, a ɗauko malami, a yi kwana biyu ko uku ana bayani kan yadda ake gina labari. Ranar rufewa a yi jawabai, a raba satifiket, a ɗauki hoto, kowa ya kama gaban sa. Bayan wata shida idan aka bi sawun mahalartan, sai a tarar da yawa daga cikin su ba su ƙara ko shafi goma a kan abin da su ka zo da shi ba.

Ba wai bitar ba ta da amfani ba ne. A can ne sabon marubuci zai fara jin cewa rubutun fim ya na da tsarin sa: kowane sin sai an faɗi inda ake, a ciki ne ko a waje, da dare ne ko da rana. A can zai ji ƙa'idar nan da aka daɗe ana aiki da ita, cewa shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a fim. A can ne kuma za a nuna masa bambancin littafi da fim. A littafi, marubuci na iya cinye shafi uku ya na bayyana abin da ke zuciyar amarya. A fim, kyamara ba ta ganin zuciya, sai dai a ga amaryar ta ture kwanon abinci ko ta ƙi ɗaga waya. Wannan ilimi ne mai tsada, kuma kwana uku sun isa a ji shi. Sai dai ji daban, iyawa daban. Iyawar ba ta samuwa sai da yau da gobe, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Tarihin rubutun Hausa ma ya nuna haka. A 1933 ne Dakta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da 'Ruwan Bagaja' na Abubakar Imam, da 'Ganɗoki' na Bello Kagara, da 'Shehu Umar' na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da 'Idon Matambayi' na Muhammadu Gwarzo. A lokacin Imam saurayi ne ɗan shekara 22, ya na koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Da a ce an miƙa masa kyauta an sallame shi, da wataƙila shikenan. Amma a 1936 sai aka ɗauko shi daga Katsina aka kawo shi Zariya, ya yi watanni ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu. An tara masa littattafan labaran ƙasashe daban-daban, ya karanta, ya rubuta, su zauna da East su duba, ya koma ya gyara. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne 'Magana Jari Ce', littattafai uku da har gobe ake karantawa.

Masu wankiyar finafinan Indiya su kan fake da cewa ai Imam ma aro ya yi. Gaskiya ne ya yi aro, daga labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya. Amma sai da ya jiƙa labaran nan, ya wanke su, ya ɗinka masu riga da hula, har Bahaushe ya karanta bai ji baƙon ƙamshi ba. Wannan aikin zama ne da maimaici. Shi kuwa mai wankiya, a dare ɗaya ya ke kallon fim ya sauya sunaye, da safe a wuce lokeshin.

Wani abin sha'awa, a wannan shekara ta 1936 ɗin ne Jami'ar Iowa ta Amurka ta kafa shirin ta na horar da marubuta, wanda ya zama abin koyi a duniya. Tsarin da aka san su da shi mai sauƙi ne. Ɗalibi ya kawo labarin sa, a raba wa kowa ya je ya karanta. Ranar zama, 'yan aji su yi ta tattauna labarin, shi kuwa mai shi ya yi shiru ya na saurare, ba ya kare kan sa. Hikimar ita ce, ranar da littafi ya shiga kasuwa marubuci ba zai bi kowane mai karatu gida ya na yi masa bayanin abin da ya ke nufi ba. Kuma su shekara biyu su ke yi ana wannan zama mako-mako.

A nan gida, wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, marubutan Kano sun samar wa kan su irin wannan makaranta ba tare da jiran gwamnati ba. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya su ka kafu. A Raina Kama ne aka samu irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Su na taimakon juna wajen duba rubutu da buga shi da kai shi kasuwa, har su na tallata littattafan juna a cikin littattafan su. Haka kuma reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ya yi suna da zaman karatu na wata-wata, inda marubuci zai miƙe ya karanta abin sa a yi masa gyara a gaban jama'a.

Wannan industiri da ake tinƙaho da ita, daga hannun irin waɗannan mutane ta fito. 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990 kuma ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, marigayi Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi, kuma marubucin littafi ne. 'In Da So Da Ƙauna' littafi ne kafin ya zama fim a 1994. Haka 'Ki Yarda Da Ni' na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, haka 'Alhaki Kuykuyo Ne' na Balaraba Ramat. Kafin su ma, 'Shehu Umar' da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 daga littafi aka ɗauko shi. Wato dai da alƙalami aka yi harsashin ginin.

Sai kasuwa ta juya. Bayan da 'Sangaya' ya yi tashe a 1999, 'yan kasuwa su ka gane waƙa ce ke sayar da kaset. Aka shiga yayin da ake fara buga waƙa, a ɗauki rawa, a yi tirela, sannan a nemo wanda zai ɗinka labari a tsakanin waƙoƙin. Wani fim ɗin ma a lokeshin ake ƙirƙirar maganganun sa. Darajar marubuci ta faɗi warwas, ya zama shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi wajen biya, sunan sa kuma ya wuce da gudu a ƙarshen fim lokacin da 'yan kallo sun riga sun tashi. Abin mamaki, su Indiyawan da ake kwaikwayo ba haka su ka yi da nasu ba. Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda su ka rubuta 'Zanjeer' na 1973 da 'Deewaar' da 'Sholay' na 1975, sai da su ka kai ana buga sunan su a fosta, ana biyan su kuɗi irin na manyan jarumai. Kuma su biyu su ke zama su yi aikin, wannan ya kawo, wancan ya gyara.

Yanzu dai zamani ya dawo da marubuci kan kujerar sa, ko ana so ko ba a so. Kasuwar faifan sidi ta mutu, finafinai masu dogon zango a talbijin da YouTube su ka karɓi fage. 'Daɗin Kowa' na tashar Arewa24, wanda aka fara nunawa a 2015, ya shafe shekaru ya na zuwa duk mako, kuma cikin waɗanda su ka riƙe alƙalamin sa akwai Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, dukkan su marubuta littattafai ne tun kafin nan. 'Kwana Casa'in' ya biyo baya a 2019, sai 'Labarina' na Malam Aminu Saira da 'Izzar So' na Lawan Ahmad a 2020. A irin wannan aiki waƙa ba ta ceton kowa. Mai karatu ya yi lissafi: zango ɗaya mai kashi 13, kowane kashi minti 45, ya kama shafi kusan 600 kenan. Wanda bai saba zama kullum ya rubuta ba, a kashi na huɗu zai fara haki, a na shida ya fara jan labari kamar ƙosan rogo, a na takwas ya kashe wani ko ya haukatar da wata don kawai a samu abin ɗauka. 'Yan kallo kuwa ba yara ba ne, su na ganewa.

Saboda haka abin da ya kamata masu shirya bita su sa a gaba shi ne abin da zai faru bayan an watse. Kafin a raba satifiket, a raba mahalarta rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida waɗanda ke kusa da juna. A tsayar masu da rana, ko da sau biyu ne a wata. Sharaɗin shiga zaman shi ne kowa ya zo da sabon rubutu, ko da shafi biyar ne. Wanda ya zo hannu rabbana sau biyu a jere, a ba wani gurbin sa. A raba wa juna maganganun 'yan wasa a karanta da baki, domin kunne ya na kama abin da ido ya tsallake. Maganar da ta yi wa mai karantawa nauyi a baki, za ta yi wa jarumi nauyi a gaban kyamara. Satifiket ɗin kuma a riƙe shi sai mutum ya kawo kammalallen labari bayan wata uku.

Shi ma gyaran ya na da ladabin sa. Akwai majalisar da ba a komai sai yabo, kowa "ranka ya daɗe, wannan ai ya fi ƙarfin mu." Akwai kuma wadda ake zuwa da wuƙa, a yi wa yaro kaca-kaca har ya rantse ba zai sake taɓa biro ba. Duk biyun ɓata lokaci ne. Gyaran da ke da amfani shi ne wanda zai ce a shafi na bakwai an ce uwar ba ta san da auren ba, amma a shafi na uku an nuna ta ta na karɓar kayan sa-rana. Ko a ce wannan dattijon ya na magana kamar ɗan jami'a. Gyara kayan ka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Sannan akwai tsoron satar labari, wanda ke hana da yawa fito da rubutun su. Maganin sa shi ne rukunin ya zama ƙarami, a san juna, a kuma ajiye littafin da ake rubuta sunan kowane labari da mai shi da ranar da aka karanta shi.

Sauran aikin kuma na marubuci ne shi kaɗai a ɗakin sa. Yawancin marubutan nan su na da wata sana'ar, wani malamin makaranta, wani ɗan kasuwa, wata matar aure da 'ya'ya. Mai jiran sai ya samu hutu ko sai ilhama ta sauko zai daɗe bai rubuta komai ba. Abin da ke aiki shi ne a yanki wani lokaci ƙarami a tsare shi, ko bayan sallar Asuba kafin gida ya tashi, ko bayan Isha'i. Shafi biyu a rana, shafi 60 ne a wata, fiye da 700 a shekara. Rashin wuta ko kwamfuta ba hujja ba ce, domin da biro da littafin 'yan makaranta aka rubuta yawancin littattafan da su ka yi tashe a Kano. Kuma a riƙa sauraren mutane, a cikin a-daidaita-sahu, a gidan biki, a kotu, a layin asibiti. Duk maganar da ta yi daɗi a rubuta ta kafin ta gudu.

Ga mai neman abin da zai zaburar da shi, ƙofofi sun ƙaru. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta fito da sunaye irin su Aisha Muhammad Sabitu, wadda ta lashe ta farko da labarin 'Sansani', da Maimuna Idris Sani Beli da ta biyo ta a 2017. A garin Iseyin na Jihar Oyo, Dakta Wale Okediran ya buɗe gidan marubuta na Ebedi a 2010, inda marubuci ke zuwa ya yi makonni ba abin da ya ke yi sai rubutu. Idan mutum ɗaya ya iya yin haka a can, me zai hana manyan furodusoshin Kano su haɗu su kama gida ɗaya saboda masu rubuta masu labari?

Magana ta ƙarshe ta furodusoshi ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kira marubuci ranar Litinin ya ce ya na son labari ranar Alhamis saboda an riga an kama jaruma, kada ya zo daga baya ya na cewa babu marubuta. A ba marubuci lokaci, a rubuta yarjejeniya, a biya shi rabin kuɗin sa kafin ya fara, a cika masa idan ya gama, a kuma sa sunan sa inda ido zai gani. Marubucin da ke tunanin kuɗin cefane ba zai zauna ya sake rubuta sin ɗaya sau huɗu ba. In an yi haka, bita za ta yi rana. In ba a yi ba, za a ci gaba da tara satifiket a bango, 'yan kallo kuma su ci gaba da canza tasha. Allah ya sa a gyara.