BADUJALA A ƘARAMAR SAKANDARE: WA YA AIKO, KUMA DON ME?

Duk ɗan'uwan da ya taɓa raka ƙaninsa bikin yaye ɗalibai a wasu makarantun boko na cikin ganuwa ya ga abin da idonsa. Yara ne 'yan shekara 12 zuwa 15 a jere da ganguna irin na 'yan badujala, wani lokaci har da begila, suna kiɗa iyaye na tafi. Ba yau aka fara ba. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 kiɗa ke cikin manhajar ƙaramar sakandare, daga baya aka cusa shi cikin darasin al'adu da fasaha. Wannan manhaja kuwa ba a kasuwar Kurmi aka saƙa ta ba. A Amurka, inda aka kwaikwayo tsarin, makarantu da yawa na irin wannan mataki suna da ƙungiyar makaɗan jaz ta yara zalla, da masu busa, da mai ganga, da mai fiyano, da malaminsu da ake biya albashi. Yau hotunansu na isa wayar yaro a Yakasai ko Mandawari ba tare da sallama ba, kuma shi ake nuna masa a matsayin wai wayewa.

To, ya kamata 'yan'uwa su san tarihin abin kafin su yi magana a kai. Jaz kiɗan raunana ne. A birnin New Orleans ya tsiro a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, waɗanda a cikinsu har da Musulmi. Kukan wanda aka zalunta ne. Amma azzalumi ba ya barin ko da kukan wanda ya zalunta, sai ya karɓe ya yi kasuwa da shi. A 1956 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura mabushi Dizzy Gillespie ƙasashe irin su Iran, Pakistan da Turkiyya don ya wanke wa gwamnatinsa fuska, alhali a kudancin ƙasar baƙin mutum bai isa ya zauna teburi ɗaya da Bature a gidan abinci ba. A watan Oktoba na 1960 aka kai Louis Armstrong Kongo yana busa, jama'a na murna, daidai lokacin da hukumar leƙen asirin CIA ke ƙulla yadda za a ba Patrice Lumumba guba, kamar yadda kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya tona a 1975. Ba a kai ga gubar ba, amma an kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu, 1961. Mabushin ba shi ya yi ƙullin ba. Labule aka yi da shi.

Abin mamaki, wasu daga cikin manyan makaɗan sun riga 'yan bokonmu farkawa. Yusef Lateef, wanda ya ƙi yarda a kira kiɗansa da sunan jaz, ya baro Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin sarewar Fulani makiyaya. Ashe abin da ake so yaron Kano ya raina, shi wancan ya ƙetaro teku yana nema!

Ta fuskar shari'a, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma shafin jarida ba wurin yanke fatawa ba ne. Sai dai ma'aunin da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya kafa a Kitabul Farƙi ya isa jagora: ya zargi sarakunan zamaninsa da shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba, ya kuma bar ganga inda take da aiki, kamar tara runduna. Ke nan tambayar ita ce manufa. Gangar fareti mai koya wa yaro tsayuwa cikin sahu daban, kiɗan da ke ƙarewa da rawar maza da mata a harabar makaranta daban.

Akwai kuma magana mai ɗaci da ba za a ɓoye ba. Yaron da ya liƙe wa badujala ba lallai kiɗan ya ja shi ba. An ba shi riga, an ba shi matsayi, an kira sunansa a gaban jama'a. A majalisin unguwa kuwa sau nawa ake ba ɗan shekara 13 wani aiki banda shimfiɗa tabarma da ɗebo ruwa? Wanda aka kora gefe a nan, 'yan daba ma suna da gurbinsa.

Saboda haka babu ɗan'uwan da aka yarda ya je makaranta da hayaniya, balle fasa kaya ko cin mutuncin malami. Wanda ke da ƙane a aji ɗaya zuwa uku ya raka mahaifinsa taron iyaye da malamai na wannan zango, ya tambaya cikin ladabi: me ake kaɗawa, wa ya sayi kayan, a wane lokaci ake atisaye, kuma ana tsayawa idan an kira sallar La'asar? Ya rubuta amsar, ya kai wa malaminsa na unguwa kafin Juma'a mai zuwa.