Ina Majalisar Mai Neman Barin Giya?

Wata magana da na ji makon nan ta hana ni sakat, musamman da yake daga bakin dattijo mai karatu ta fito, irin wanda in ya buɗe baki a majalisa kowa yake yin tsit. Da aka ba shi labarin waɗansu mutane da giya ta yi wa katutu, waɗanda suke haɗuwa mako-mako suna ƙarfafa wa juna gwiwa a kan barinta, sai ya yamutsa fuska ya ce taron mashaya sunansa taron mashaya, a tura musu Hisba kawai. To, Allah ya gafarta Malam, a nan kam na saɓa maka, saɓani kuwa mai nisa.

Asalin irin wannan zama a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka ne, a shekarar 1935, sa'ad da Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata, waɗanda kwalba ta ci mutuncinsu ƙarmus, suka lura cewa nasihar da mashayi ya toshe wa kunne daga bakin mai lafiya, yakan saurare ta daga bakin wanda ya ɗanɗani azabarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ta wallafa matakanta 12 a 1939. Ba a biyan ko anini kafin a shiga, ba a neman sharaɗi illa niyyar bari, ba a kiran mutum sai da sunansa na fari kaɗai, kuma alkawarin da yake ɗauka na yini ɗaya ne rak, gobe in Allah ya kai rai ya sabunta shi. Mai cewa tushen abin na Nasara ne ya yi gaskiya, amma tun 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa makamanciyarta, Millati Islami, a bisa tauhidi da salla.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muka manta da tarihinmu. Ubangijin da ya halicci zukata, alhali kuwa yana da ikon haramta giya a dare ɗaya, da tadriji ya haramta ta: a Baƙara aka bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sa'an nan a Ma'ida aka yanke hukunci. Bayan haramcin ma, Buhari ya rawaito labarin wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda sha, har wata rana wani ya gaji ya la'ance shi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana la'antar, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. An tsayar da haddi, ba a kuwa kori mutumin daga cikin jama'a ba. Mu fa? Mun riƙe bulala da hannu biyu, mun jefar da rahamar da aka saukar tare da ita.

Ni dai ba na ganin amfanin wa'azin lasifika, wanda yake tashin jinjiri da majinyaci, ya bar mai laifi yana sharar barcinsa. Shekaru muna taruwa muna kabbara ana murƙushe kwalabe da katafila, amma ƙishirwar da ke cikin jinin mutum katafila ba ta taka ta. In iyaye sun rasa dabara sai gidan mari, mun kuwa ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaruruwa, waɗansu a cikin sarƙa. Wannan zalunci ne, ko da wace aya aka yi masa ado.

Kai ɗan'uwa da wannan ibtila'i ya sama, fara da likita, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da jijjiga da gushewar hankali, har ta kai ga rasa rai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware. Ka tambaye su inda masu irin lalurarka suke haɗuwa, ga kuma tarukan da ake yi ta intanet, waɗanda suka yawaita tun annobar 2020. Ranar farko ba wanda zai tilasta maka magana, ka zauna ka saurara. In ka zame ka sha, ka koma, gama da yawa daga cikin waɗanda za ka tarar sun zame sun tashi.

Ku kuma limamai da masu unguwanni, ɗaki guda ake roƙonku bayan lisha, da tabarma, da kame harshe. Majalisa amana ce, suturta Musulmi kuwa umarni ne. Duk wanda ya leƙa ya ga fuskar maƙwabcinsa, ya kwashi sunansa ya kai teburin mai shayi, ya sani shi ne ya mai da bawan Allah nan gidan giya, kuma za a tambaye shi ranar gobe.